Ƙululu A Jikin Ɓeran Masar: Kada A Matse, A Kai Wa Likita

'Yan'uwa manoma, a gidaje da yawa na ƙasar Filato da kudancin Kaduna, har zuwa kan duwatsun yammacin Kamaru, ana kiwon ɓeran Masar a gefen madafa ko a ƙarƙashin rumbu. Galibi na yara ne. Su ne ke yanko masa ciyawa in an taso daga makaranta, su ne ke raɗa masa suna, a kansa kuma suke fara koyon kiwo. A waɗansu gidaje yakan zama nama a tukunya, ko kuɗin littafi da fensir. Kashinsa kuwa taki ne mai kyau ga lambu.

Tambayar da aka fi yi mini a kan wannan dabba a tarurrukan ƙungiyoyinmu ita ce: "Malam, wani ƙululu ya fito wa ɓeran yarona, wane magani zan ba shi?" Amsa ita ce, ƙululu iri iri ne, amma daga waje duk kamarsu ɗaya. Wani ba ya cutarwa ko da ya shekara. Wani yakan kama sauran dabbobin akurki duka. Wani kuma ciwon daji ne. Ko likitan dabbobi ba ya yanke magana da duban ido kaɗai, sai ya gwada. Saboda haka bari mu bi maganar daki daki.

MU SAN DABBAR TUKUNA

Ko da yake muna ce da shi ɓeran Masar, asalinsa ba daga Masar ba ne. Daga duwatsun Andis yake, a Amurka ta Kudu, wajen ƙasashen Peru da Bolibiya da Ekwado. Mutanen can sun yi dubban shekaru suna kiwonsa domin nama. Babba yakan kai giram 700 zuwa 1,200. In ya sami kulawa yakan yi shekara 5 zuwa 7. Macen tana ɗaukar ciki kwana 59 zuwa 72.

Akwai abubuwa uku da suka bambanta shi da kaza ko akuya, dukansu kuwa sun shafi maganarmu. Na fari, haƙoransa 20 ne, ba su daina tsiro muddin ransa, sai tauna ciyawa ke rage su. Na biyu, jikinsa ba ya iya yin bitamin C da kansa, kamar dai jikin mutum, tilas ya samu daga abinci kowace rana. Tun a shekarar 1907 waɗansu likitoci biyu na ƙasar Norwe, Holst da Frolich, suka gano cewa yana kamuwa da ciwon da rashin wannan bitamin ke kawowa. Na uku, shi dabba ne da kyanwa da shaho ke farauta, don haka yana ɓoye ciwonsa. Ran da ka ga ya kwanta ya ƙi ci, ciwon ya riga ya yi nisa.

KUMBURIN WUYA

Wannan shi ne aka fi gani, shi ne kuma ya fi jawo hasara ga mai dabbobi da yawa. Yakan fara kamar ƙwayar gyaɗa a ƙarƙashin haɓa ko a gefen wuya, ya girma kamar goro, wani lokaci har kamar ƙwan zabo. Kaluluwa ce ta cika da mugunya. Ƙwayar cutar da ta fi kawo shi, likitoci suna kiranta Streptococcus zooepidemicus. Ana samunta a hancin doki da maƙogwaronsa, ana kuma samunta a hancin ɓerayen Masar da ake gani lafiyarsu lau.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙwayar tana jira ne a sami ɗan rauni a baki. Tsinin tofa, da ƙarangiya da ta biyo ciyawa, da ƙaiƙayi mai kaifi, da haƙorin da ya yi tsawo ya soki kunci, duk suna buɗe mata ƙofa. Cizon da maza ke yi wa juna shi ma hanya ce. Daga raunin sai ta bi ta sauka a kaluluwar wuya.

Ku lura da abu biyu. Mugunyar ɓeran Masar tana da kauri kamar cuku, tana cikin wata jaka mai tauri, saboda haka ba ta tsiyayewa kamar marurun mutum. In an huda aka matse, bakin ya rufe, jakar ta sake cika. Na biyu kuma, ran da kumburin ya fashe cikin akurki, mugunyar takan ɓata ciyawa da ruwan sha, sauran dabbobi su ɗauka. Ƙwayar tana iya shiga jini ko huhu ta kashe dabbar cikin 'yan kwanaki. Takan kama mutum ma, ko da yake ba kasafai ba, musamman mai rauni a hannu, ko tsoho, ko wanda wani ciwo ya riga ya raunana. Tun da yara ne ke rungumar dabbobin nan, maganar ba ta wasa ba ce.

SAURAN IRIN ƘULULU

Ƙurjin saiwar haƙori. Yakan fito a kan muƙamuƙi, da tauri, ba ya motsi in an taɓa, gama a manne yake da ƙashi. Dabbar takan riƙa dalalar da miyau, haɓarta a jiƙe, ta ɗauki ciyawa ta yar. Wannan ba ya warkewa sai an gyara haƙorin da ya kawo shi.

Ƙari na fata. Yakan fito a gadon baya ko wajen ƙugu, a zagaye, yana motsi ƙarƙashin yatsa. Sau da yawa yana da ɗan rami a tsakiya inda wani abu mai kauri, fari ko ruwan toka, ke fitowa. Daga saiwar gashi yake tasowa. Yawancinsu ba ciwon daji ba ne, amma in sun girma sukan tsage su ruɓe. Akwai kuma ƙari na kitse, mai laushi, wanda ke girma a hankali a ciki ko a hammata.

Ƙari na nono. Ɓeran Masar nono biyu kaɗai gare shi, a can tsakanin cinyoyi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne namiji ma yana samun wannan ƙari, ba mace kaɗai ba. Waɗansu ciwon daji ne mai bazuwa zuwa huhu. In nono ɗaya ya fi ɗaya girma, ko jini na fita daga kansa, kada a jira. Mace mai shayarwa kuwa, in nononta ya yi ja, da zafi, da tauri, ƙwayoyin cuta ne suka shiga, ita ma tana bukatar magani da sauri.

Jakar ruwa a gidan ƙwai. Tana yawan samun matan da suka wuce shekara biyu. Ciki ya kumbura kamar mai juna biyu, gashi ya zube a kuiɓi dama da hagu daidai da juna, ba tare da susa ba. Macen da cikinta ya wuce mako goma sha ɗaya a kumbure ba ta haihu ba, ko wadda ba ta taɓa zama da namiji ba, a kai ta a duba.

Ƙari na maƙogwaro. Yana fitowa a gaban wuya, inda maƙoƙo ke fito wa mutum. Dabbar tana ci sosai amma tana ramewa. Ana iya ɗaukarsa kumburin mugunya ne, alhali in aka sa reza a wurin jini ne zai zuba.

Kaluluwa ko'ina. In ka ji ƙululu a wuya, da hammata, da matsematsi, da bayan gwiwa, duk a lokaci guda, ana jin tsoron ciwon daji na jini. Wannan yana da saurin kisa.

Tsutsar ƙuda. A ƙasashenmu akwai wani ƙuda da ke saka ƙwai a busasshiyar ƙasa mai inuwa wadda fitsari ko kashi ya ɓata. Tsutsar takan huda fata ta zauna ciki mako ɗaya zuwa biyu. Kumburin kamar maruru yake, da ɗan rami a kai inda take numfashi. An fi ganinta da damina, a ƙafafu da ciki na dabbobin da ke kwana a ƙasa. Ita ce ke kama karnuka, har da yara.

Kumburin tafin ƙafa da gaɓoɓi. Daɓen waya ko siminti mai kaushi da danshi yakan sa tafin ƙafa ya kumbura ya zama gyambo. Rashin bitamin C kuwa yakan kumbura gwiwoyi, dasashi ya riƙa jini, dabbar ta riƙa tsalle kamar zomo saboda zafin tafiya.

Ga wata ƙa'ida da za ta taimaka. Ƙululun da ya fito cikin 'yan kwanaki a jikin ƙaramar dabba, ya fi kama da mugunya. Wanda ya ɗauki watanni yana girma a jikin dabbar da ta haura shekara uku, ya fi kama da ƙari. Amma wannan ƙiyasi ne kawai, gwajin likita shi ne hukunci.

YADDA ZA A DUBA

A zaɓi rana ɗaya cikin mako, a koya wa yaron da ke kiwon ya yi wannan aiki. Ya ɗauki dabbar da hannu biyu, ɗaya a ƙirji ɗaya a ƙarƙashin gindi. Ya shafa ta a hankali daga haɓa zuwa wuya, hammata, baya, ciki, nono, har tafin ƙafa. Sa'an nan a aza ta a kan sikeli cikin kwano, a rubuta nauyinta. In babbar dabba ta rage giram 50 cikin mako guda, a sa mata ido. In ta rage giram 100, ciwo ne.

In an sami ƙululu, a rubuta waɗannan a littafi: ranar da aka fara gani, inda yake, girmansa, ko wake ne ko gujiya ko goro, yana da tauri ko laushi, yana motsi ko a manne yake, dabbar tana kuka in an taɓa ko babu. Mai waya ya ɗauki hotonsa da kwabo ko murfin kwalba a gefe domin a gane girmansa. Nan da nan kuma a ware dabbar a kwandonta dabam, da kwanon ruwanta dabam. Amma a ajiye ta inda za ta ji kukan 'yan'uwanta, gama kaɗaici yana hana ta ci. A ƙasar Suwizalan, tun shekarar 2008 doka ta hana a ajiye ɓeran Masar shi kaɗai saboda wannan hali nasa.

Ƙululun da bai hana ci ba, a kai shi wurin likita cikin makon. Amma a tafi a ranar in an ga ɗaya daga cikin waɗannan: dabbar ta yini ba ta ci ba, kashinta ya ragu ko ya tsaya, numfashi yana yi mata wuya, kanta ya karkace gefe guda, kumburin ya fashe, ko ya ninka girmansa cikin kwana biyu ko uku.

ABIN DA BA ZA A YI BA

Kada a matse, kada a tsaga da reza, kada a yi sakiya. In ƙari ne, jini zai zuba, dabbar kuwa jininta duka bai cika ƙaramin kofin shayi ba. In mugunya ce, za a watsa cutar a hannu da akurki. Kada a shafa baƙin mai, ko kananzir, ko toka, gama dabbar za ta lashe.

Babban gargaɗi kuwa shi ne wannan: kada a ba ɓeran Masar kafso na mutane ko maganin kaji. Cikinsa cike yake da ƙwayoyi masu amfani waɗanda ke narkar masa da ciyawa. Penisilin da danginsa, watau amfisilin, da amoksilin, da Ampiclox da ake saye a kemis, suna kashe waɗannan ƙwayoyi masu amfani, sai miyagun su yawaita su zuba dafi a hanji. Haka ma eritromaisin da linkomaisin. Dabbar takan daina ci, ta yi zawo, ta mutu cikin 'yan kwanaki. Sau da yawa a kan ce kumburin ne ya kashe ta, alhali maganin ne. Maganin da ya warkar da ɗanka ko akuyarka yana iya zama ajalin wannan dabba.

ZUWA WURIN LIKITA

Waɗansu suna jin kunya, suna cewa za a yi musu dariya in sun kai ɓera asibiti. Likitan dabbobi ba zai yi dariya ba. A fara da malamin dabbobi na ƙaramar hukuma ko asibitin dabbobi na jiha. In abin ya fi ƙarfinsu, akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya, da Jos, da Maiduguri, da Sakkwato. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa kuma tana Vom tun shekarar 1924, ana gwada mugunya da gawar dabba a can. Yawancin likitocinmu sun fi sabawa da shanu da kaji da karnuka, don haka ba laifi ba ne ka tambaya cikin ladabi ko akwai wanda ya saba da zomaye da ɓerayen Masar.

A tafi da sassafe, gama zafi yana kashe dabbar nan da sauri. A sa ta cikin kwando ko kwali mai ramuka, da ciyawa a shimfiɗe, da ɗanyen ganye ko kokwamba domin ƙishi. Kada a sa ta a but ɗin mota ko cikin leda. Kada kuma a hana ta abinci don ana tsammanin fiɗa. Ita ba ta amai, hanjinta kuwa in ya zauna wofi yakan tsaya da aiki. A tafi da littafin da aka yi rubutu, a kuma faɗi gaskiya in an riga an ba ta wani magani.

Likita zai shafa ƙululun, ya duba haƙora har na ciki. Sau da yawa zai soka siririyar allura ya zuƙo ɗan abin da ke ciki ya duba a madubin likita. Wannan gwaji ba shi da tsada sosai, shi ne kuma ke raba mugunya da kitse da ciwon daji. In yana zaton haƙori ne ko gidan ƙwai, zai nemi a ɗauki hoto. Ga kumburin wuya, abin da ya fi kyau shi ne a sa dabbar barci a cire jakar ɗungum. In ba ta ciruwa, zai buɗe ta, ya kwashe mugunyar, ya bar bakin a buɗe domin a riƙa wankewa. Magungunan da akan zaɓa wa ɓeran Masar sun haɗa da enrofloksasin da Septrin, amma awonsu bisa nauyin dabba ne, likita ne kaɗai zai yanka.

Tun kafin a fara aiki, ka tambayi kuɗin gwaji da na fiɗa, ka kuma tambayi abin da zai faru in an bar ƙululun. Ƙari na kitse a jikin tsohuwar dabba, wani lokaci sa ido ya isa. Wani lokaci kuma likita zai ce ciwon ya bazu, jinƙai shi ne a hutar da dabbar. In haka ta faru, a gaya wa yaron gaskiya. Kada a ce masa ta gudu, gama zai yi ta nemanta, ran da ya gane kuma zai daina yarda da maganar manya.

JINYA A GIDA

In an bar bakin ƙurjin a buɗe, babba ne zai wanke shi, ba yaro ba. A tafasa ruwa rabin lita, a zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya, a bari ya huce. A ɗura a ramin da sirinji marar allura safe da yamma, har ya warke daga ciki zuwa waje. A sa safar hannu ko leda, a ƙone audugar da aka yi aiki da ita, a wanke hannu da sabulu. A cika kwanakin magani ko da an ga sauƙi. In dabbar ta fara zawo ko ta ƙi ci, a dakatar a sanar da likita a ranar. Wadda ba ta iya tauna, a niƙa mata ɗanyen ganye da ɗan ruwa a ba ta kaɗan kaɗan ta gefen baki, sau da yawa a yini.

Dabbar da ke da mugunya ba ta yanka ba ce, ba kuma ta sayarwa ba ce. Wanda ya kai ta kasuwa ya kai cuta gidan maƙwabcinsa. In ta mutu, a binne ta da zurfi inda kare ba zai tono ba, ko a ƙone. Wadda ta warke, a tambayi likita kwanakin da za a jira kafin a ci namanta.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

1. A ba su ciyawa mai laushi da yawa, dare da rana. A tsince ƙarangiya da ƙaya, a guji tofa da ta tsufa. Dusa kaɗan ta isa, gama ba ta rage haƙori.

2. A ba su abin da ke da bitamin C kowace rana. Babba yana bukatar kamar miligiram 10, mai ciki kuwa har 30. Ɗanyar ciyawa, da ganyen dankalin Hausa, da ganyen zogale, da ɗan kabeji, da yankin gwaba ko tattasai marar yaji, za su biya bukata. Da rani ne aka fi samun ƙarancinsa, sa'ad da abincin ya koma busasshe. Ganyen dankalin Turawa da albasa kuwa guba ne gare su.

3. Kada a haɗa manyan maza biyu wuri ɗaya da mata. Faɗa zai tashi, cizo kuwa ƙurji ne gobe.

4. Daɓen akurki ya zama katako ko ƙasa mai shimfiɗar busasshiyar ciyawa, ba waya ba. A share jiƙaƙƙen wuri kullum, a sake shimfiɗa duka kowane mako.

5. Sabuwar dabba daga kasuwa ta yi mako uku ko huɗu a ware kafin a haɗa ta da na gida. Namijin aro ma haka.

6. Dabbar da ta taɓa yin kumburin wuya, kada a mai da ita cikin masu haihuwa, gama tana iya riƙe ƙwayar ko bayan ta warke.

AIKIN ƘUNGIYA

Na san abin da ke zuciyar mai karatu. Kuɗin mota zuwa asibiti ya fi kuɗin dabbar. Gaskiya ne in dabba ɗaya ake lissafi. Amma mai ɓeraye talatin da ya bar guda ɗaya ta fashe cikin akurki, lissafinsa ya zama na talatin, har da lafiyar yaron da ke sa hannu a ciki.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiya tana iya sayen sikeli guda na kowa da kowa. Tana iya zaɓen mutum ɗaya, mace ko namiji, ya koyi duba ƙananan dabbobi wurin malamin dabbobi, ya riƙe lambar wayar likita. Ran da aka gayyato malamin domin allurar awaki ko kaji, a sanar da yara su kawo ɓerayensu da zomayensu a duba su a tafiya ɗaya. In kumburin wuya ya ɓulla a gida biyu ko uku, a haɗa kuɗi a kai dabba guda a gwada, amsar za ta amfani kowa, a kuma dakatar da aron namiji tsakanin gidaje sai abin ya wuce.

Ina roƙon sakatarorin ƙungiyoyi su karanta wannan a taro na gaba, su kuma kira yaran da ke kiwon su zauna su ji. A wannan mako kowane gida ya ɗauki dabbobinsa ɗaya ɗaya ya shafa su daga haɓa zuwa tafin ƙafa. Wanda ya sami ƙululu ya ware dabbar, ya rubuta ranar, ya nemi malamin dabbobi.